Yadda Malamai Za Su Gina Rumbun Kayan Koyarwa a Intanet

Duk malamin da ya taɓa halartar bita a jihar nan ta Kaduna ya san yadda ake rufe taro. Mai gabatarwa zai buɗe zauren WhatsApp, ya zuba takardun da aka yi aiki da su a ciki, a yi addu'a a watse. Bayan wata uku, idan makon koyar da batun ya zo, sai malami ya tarar takardar ta nutse ƙarƙashin saƙonnin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya, ko kuma shi da kansa ya goge ta ranar da wayarsa ta cika. Ni kaina na rasa shirin darussa na shekara huɗu a rana guda, lokacin da wayata ta salwanta a cikin keke tsakanin Kawo da Babbar Kasuwa, kuma tun daga wannan rana na daina ɗaukar waya a matsayin ma'ajiya.

Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda makaranta guda, ko malaman fanni ɗaya da ke haɗuwa a unguwa ɗaya, za su tanadi wuri a intanet inda kayan koyarwa da takardun bita za su zauna cikin tsari, ta yadda malamin da aka turo jiya zai samo abin da zai koyar gobe ba tare da ya bi kowa yana tambaya ba. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Yana buƙatar waya mai Android, da kwamfuta guda ko da ta aro ce ta kwana biyu, da mutum biyu da za su riƙe amanar abin da gaske.

Asusun ya zama na makaranta

A fara da buɗe asusun Google da sunan makaranta ko na ƙungiyar malaman. Kowane asusu yana zuwa da gigabayit 15 kyauta, wanda Gmail da Photos da Drive, wato ma'ajiyar fayiloli inda rumbun zai zauna, suke rabawa a tsakaninsu, kuma wannan ya isa ɗaukar dubban takardu muddin ba a cika shi da bidiyo ba. OneDrive na Microsoft ma yana aiki, sai dai gigabayit 5 yake bayarwa kyauta. Dalilin da ya sa na nace a kan sunan makaranta kowa ya san shi: malami yau yana Rigasa, gobe takardar canjin wurin aiki ta fito an mayar da shi Giwa ko Kachia, kuma idan rumbun a asusunsa yake to ya tafi da shi. Ban da haka, tun 2024 ajiyar saƙonnin WhatsApp ta wayoyin Android tana cin wuri daga cikin waɗannan gigabayit 15, don haka asusun mutum na kansa yakan cika ba tare da ya ankara ba.

Akwai wani abu da yakan yaudari mutane da yawa. Idan malami ya ɗora fayil daga asusunsa cikin foldar da aka raba masa, fayil ɗin yana nan a matsayin mallakarsa, a wurinsa ake lissafin nauyinsa, kuma ranar da ya goge shi ko asusunsa ya rufe, fayil ɗin zai ɓace wa kowa. Maganin wannan shi ne a ware folda guda mai suna "Sabbin shigowa" inda kowa zai zuba abin da ya kawo, sannan mai kula da rumbun ya shiga da asusun makaranta ya yi kwafin fayil ɗin, ya sa kwafin a inda ya dace.

Kalmar sirri ta tsaya a hannun mutum biyu, shugaban makaranta da malami guda da aka amince da shi. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba daga waya bayan kalmar sirri, a buga lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa a takarda, a kulle ta a inda ake kulle rajistar makaranta, domin layin waya yana iya ɓata ko a rufe shi. A kuma riƙa shiga asusun, saboda tun daga Disamba 2023 Google na iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Sauran malamai da asusunsu za su riƙa shiga. Drive yana da izini iri uku, na kallo da na sharhi da na gyara. Izinin kallo ya wadatar da yawancin mutane, na gyara kuwa a bar shi ga foldar sabbin shigowa kaɗai. Abin da aka goge bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya.

A tsara bisa mako

A nan ne yawancin irin wannan yunƙuri yake mutuwa, don haka zan daɗe a kai. Kuskuren da na fi gani shi ne tsara folda bisa inda kaya suka fito, wato wannan "Bitar SUBEB", wancan "Daga YouTube", wani kuma "Na Malam wane". Malamar da ta zauna bayan isha'i tana shirin gobe, ga yara suna neman ta, ga cajin waya ya kusa ƙarewa, ba ta tuna daga ina takarda ta zo. Abin da ke cikin kanta shi ne aji huɗu, lissafi, zango na biyu, mako na biyar. Rumbun da bai bi wannan tunani ba za a buɗe shi sau biyu a watsar.

Saboda haka tsarin ya bi jadawalin darussan zango da makaranta take aiki da shi. Folda ta farko aji, a cikinta fanni, a cikin fanni zango uku, a cikin kowane zango kuma fayilolin kansu. Kada a wuce wannan zurfi, domin kowace folda da aka taɓa sai ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe idan sabis ya yi rauni, kuma wanda ya jira sau shida ba zai sake dawowa ba. Sunan kowane fayil ya fara da lambar mako, sai batu, sai nau'in takarda, sai shekara, kamar haka: "M05 Rabawa shirin darasi 2025". A sa sifiri gaban lambobin da ba su kai goma ba, don jerin ya tafi daidai ko a wace na'ura aka buɗe shi. Shekarar ma ba ado ba ce. Hukumar NERDC da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa tana sake fasalinta lokaci-lokaci, an fara aiki da gyararriyar manhajar ilimi a matakin farko a 2014, an kuma sanar da wani sabon gyara a 2025, don haka dole malami ya gane da kallo ɗaya ko takardar da ke gabansa a kan wace manhaja aka rubuta ta.

Batun haruffa masu ƙugiya yana bukatar yarjejeniya tun farko. A cikin takarda, wajibi ne a rubuta ɗ da ƙ da ɓ yadda suke, tunda yara daga gare mu suke koyon ƙa'idar rubutu, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Amma a sunan fayil na fi son a bar ƙugiyar, duk da cewa raina ba ya so, domin idan wani ya ajiye "ƙidaya" wani kuma ya nemi "kidaya", binciken yana iya dawowa hannu wofi.

Kowane mako yana son abu uku: shirin darasi, da kayan aiki kamar hoto ko takardar aikin yara, da 'yan tambayoyin auna fahimta. Akwai na huɗu da ya fi su daraja a wurina, kuma shi aka fi mantawa, wato layi uku ko huɗu da malami zai rubuta bayan ya koyar. Ya faɗi inda yara suka cije, da misalin da ya buɗe musu kai, da abin da ya gagara saboda ajin ya kai yara tamanin ko ɗari. Wanda ya rubuta cewa rabawa da marfin kwalba ta fi zane a allo shiga kan yara, amma sai an raba ajin gida goma kafin a fara, ya ba magajinsa abin da ba zai samu a kowane shafi na ƙasar waje ba.

Kada a raina tsofaffin littattafan shirin darasi da aka rubuta da hannu. Manhajar Drive ta waya tana iya ɗaukar hoton shafi ta mayar da shi PDF. Idan akwai malamin da ya kusa ritaya, a roƙe shi cikin girmamawa ya ba da aron littattafansa na mako guda, a ɗauki mafi kyawunsu, a rubuta sunansa a kai.

Inda ake samo kaya, da yadda ake tankaɗe su

Intanet cike take da kayan koyarwa, amma kaɗan ne suka dace da ajinmu. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft, yana da darussan firamare da sakandare bisa manhajar ƙasar nan, wasu ma da Hausa, kuma rajista kyauta ce. Shirin TESSA, da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) ta nan Kaduna, an rubuta shi ne domin malamin da ke da aji babba da kayan aiki kaɗan, shi ya sa nake fifita shi ga malaman firamare. Mai koyar da karatu zai samu gajerun labarai na Hausa masu hotuna a African Storybook da StoryWeaver, waɗanda za a iya saukewa a buga, sai dai a karanta su da kyau tukuna, domin fassarar wasu tana buƙatar gyara. Malaman kimiyya da lissafi su duba PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, inda ake kwaikwayon gwaje-gwajen lantarki da nauyi da sinadarai a fuskar waya ko kwamfuta, kuma ana iya sauke su a yi amfani da su ba tare da data ba. Ga masu ajin ƙarshe na sakandare, shafin koyo na WAEC yana ɗauke da tsofaffin tambayoyi tare da sharhin manyan masu duba jarrabawa kan kurakuran da ɗalibai suka fi yi.

Kafin wani abu ya shiga rumbu a yi masa tambaya uku. Wane mako na jadawalinmu ya dace da shi? Za a iya koyarwa da shi a ajin da babu wuta kuma babu majigi? Mai shi ya yarda a kwafa? Kayan da ke ɗauke da lasisin Creative Commons an ba da izinin kwafarsu, galibi da sharaɗin a ambaci mai su, kuma irin waɗannan ya kamata a sauke kwafinsu a ajiye, saboda adireshin shafi yana mutuwa ba sanarwa. Littafin da kamfanin ɗab'i yake sayarwa kuwa bai halatta a ɗauki hotonsa daga bango zuwa bango a raba ba, domin haƙƙin marubuci ne, kuma marubutan nan da yawa malamai ne 'yan'uwanmu. Ƙa'idar da nake ba da shawara a tsaya a kanta ita ce, babu abin da zai bar foldar sabbin shigowa ya shiga ta zango sai wani ya koyar da shi a aji ya ce ya yi.

Ƙofar shiga guda ɗaya

Idan kaya suka fara yawa, a buɗe jadawali a Google Sheets mai ginshiƙai na aji da fanni da zango da mako da batu da mahaɗin fayil da sunan wanda ya gwada shi. Da kallo ɗaya za a ga makonnin da suke fanko. Sannan a gina ƙaramin shafi da Google Sites, wanda kyauta ne kuma ba ya buƙatar sanin rubutun kwamfuta. Da kwamfuta ake gina shi, amma yana buɗewa lafiya a waya, kuma ana iya dasa foldar Drive a cikinsa ta yadda duk sabon fayil zai bayyana da kansa. Shafi huɗu sun isa: na manhaja da jadawali, na kayan mako-mako, na bita, da na shafukan waje da aka amince da su. A guji manyan hotunan ado, domin datar malamai suke ci. Adireshin wannan shafi shi ne za a maƙala a bayanin zauren WhatsApp na malamai, daga nan kuma duk wanda ya nemi takarda a zaure a tura masa mahaɗi maimakon fayil.

Idan babu sabis

Tsarin da ya yi aiki a Unguwar Rimi kaɗai, ya gagara a ƙauyukan Soba ko Birnin Gwari, bai cika ba. A Drive ana iya zaɓar fayil a umarce shi ya zauna a waya don a buɗe shi ko babu intanet. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum guda ya sauke kayan zango gaba ɗaya a inda sabis yake da ƙarfi, ya raba wa sauran ta Xender ko Bluetooth, a kuma ajiye kwafi a filasha a ofis. Makarantar da take da ɗakin kwamfuta tana iya girka Kolibri, manhajar da ke ba kwamfuta ɗaya damar raba darussa ga sauran na'urori ba tare da intanet ba, haka ma Kiwix mai adana Wikipedia. A kuma buga kwafi guda na shirin darussan kowane zango a ɗinke shi, domin a cikinmu akwai dattawan da ƙaramar waya suke riƙewa, akwai kuma malamai mata da suke raba waya da mutanen gida, kuma sau da yawa su ne suka fi kowa sanin aji.

Ɓangaren ƙara wa malami sani

Wannan ɓangare kashi biyu ne, na tarayya da na mutum shi kaɗai. A na tarayya, duk wanda aka tura bita ya dawo da takardun ya sa su a rumbu, tare da rabin shafi da ke faɗin abin da za a canza a aji daga Litinin mai zuwa, sannan a ba shi minti ashirin a taron malamai ya nuna. Takardar bita da ta shafi wani batu na manhaja a sa mahaɗinta a jadawali ƙarƙashin makon da ya dace. Idan ƙungiyar tana son yin nazari tare, Google Classroom yana ba da damar buɗe aji wanda malamai ne ɗalibansa, a sa karatu guda a mako, kowa ya gwada a ajinsa ya dawo da labari.

Na mutum kuwa a asusunsa na kansa zai zauna, kuma ba a raba shi da kowa. A ciki a ajiye hoton takardar NCE ko digiri ko PGDE, da shaidar rajista da lasisin TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, da takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin tantance ma'aikata ya san darajar samun waɗannan a wuri ɗaya. A haɗa da jadawali mai sauƙi na kowace bita: ranar da aka yi, wanda ya shirya, kwana nawa, batu, da abin da malami ya canza a ajinsa bayanta. TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta ɗora wa malami mai rajista wajibcin ci gaba da neman horo, kuma wannan jadawali shi ne hujjarsa ranar da aka tambaya.

Malaman jihar nan ba su manta da 2017 ba, shekarar da gwamnati ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta kuma sanar da cewa 21,780 ba su ci ba. Ko me mutum yake gani game da yadda aka tafiyar da lamarin, gidaje da yawa sun shiga ƙunci, kuma ba na son wani abokin aiki ya sake fuskantar irin wannan rana ba shiri. Shi ya sa nake so a ware folda ta maimaita ilimin fannin kansa, inda malami zai riƙa warware tambayoyin ajin da yake koyarwa da na ajin gaba da shi, ba tare da jin kunya ba. Hanyoyin ƙarin karatu ma suna kusa. Hedikwatar NTI, cibiyar da aka kafa a 1976 domin horar da malamai daga nesa, tana Rigachikun a kan hanyar Zariya. Jami'ar NOUN tana sa littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kyauta, OpenLearn yana da gajerun kwasa-kwasai kyauta, malaman Turanci kuma suna da TeachingEnglish na British Council. Kafin a biya kuɗin wani satifiket na intanet, a tambayi hukumar da mutum yake aiki ƙarƙashinta ko tana karɓarsa wajen ƙarin girma. A kuma duba adireshi da kyau kafin a shigar da bayanai ko a tura kuɗi, domin shafukan hukumomin gwamnati galibi da gov.ng suke ƙarewa, kuma 'yan damfara suna kwaikwayon su.

Abin da ba ya shiga, da kula da rumbu

Sunayen yara da sakamakonsu da hotunan fuskokinsu da lambobin wayar iyayensu ba su da wuri a shafin da kowa zai iya buɗewa. Amana ce, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba bayanan yara kariya ta musamman. Tambayoyin jarrabawar da ba a riga an yi ba su ma su tsaya a waje har sai an gama.

A makon ƙarshe na kowane zango masu kula su zauna rabin awa su kwashe foldar sabbin shigowa, su danna kowane mahaɗi su ga ko yana raye. A dogon hutu a mayar da abin da manhaja ta bari cikin folda mai suna "Tsoho", a cire izinin waɗanda suka bar makarantar, a canza kalmar sirri idan ɗaya daga masu riƙe ta ya tafi.

Kada a yi ƙoƙarin cika dukkan azuzuwa a tashin farko. A ɗauki fanni ɗaya na aji ɗaya, a kammala zango guda. Idan an gama, a nemi wanda bai taɓa ganin rumbun ba, kamar ɗalibin koyon aikin koyarwa da aka turo daga kwalejin ilimi ta Gidan Waya ko daga Zariya, a miƙa masa waya mafi rauni a ɗakin malamai, a ce ya nemo shirin darasin mako na bakwai. A zuba masa ido ba tare da an taimaka masa ba. Duk inda ya tsaya yana dube-dube a rubuta shi a takarda, a gyara sunan foldar ko fayil ɗin a ranar, sannan a buɗe foldar fanni na biyu.